Hutun Disamba Da Kaskon Wuta

Da zarar makarantu sun yi hutu a tsakiyar watan Disamba, sai ka ga tashoshin mota na Agege da Sabo ta Ibadan sun cika da mata da ƙananan yara, za su gida ganin kakanni. Yaron da aka haifa a Ikko bai san sanyi ba sai na ruwan sama. Bayan tafiyar kusan kilomita 1,000, mota ta sauke shi a Kano, hunturu ya tarye shi: leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, majina kuwa ba a magana.

Kakanni sun san maganin wannan. Wanka sai hantsi, a bi jiki da man kaɗanya. Da safe kunun tsamiya, da dare tatsuniya a bakin wuta.

To, wutar nan ita ce abin tsoro. Gidaje da yawa sukan shigar da kaskon garwashi ɗaki, a rufe ƙofa, a toshe kowace kafa da tsumma. Gawayi kuwa, in yana ci a rufaffen wuri, yakan fid da wata iska mai guba wadda ba ta da launi balle wari. Mai barci ba ya jin shigarta, jariri kuma ya fi babba saurin galabaita. Ciwon kai da jiri da aman asuba, waɗanda akan ɗora wa sanyi, suna iya zama alamarta.

A ɗumama ɗakin tun da magariba, a fitar da kaskon kafin a kwanta, sauran aikin a bar wa bargo.