Janaretan da wai ba ya shan mai

Sau uku wani saƙo ya shigo wayata cikin mako guda. Na farko daga zauren WhatsApp na danginmu, na biyu daga na tsofaffin ɗalibai, na uku kuma daga gwaggona, har da muryarta a ƙasa: "Ɗana, duba mana wannan, in gaskiya ne mu ma mu huta da sayen fetur." Saboda ita na zauna rubutun nan. Shi kuwa gwanin da ya tsara saƙon ko sunansa bai sa ba, sai lambar waya da umarnin a tura wa mutum goma.

Bari in fara sallamar ƙananan maganganun da ke cikin saƙon. Wai farantin sola yana jawo ciwon daji: babu hujja, haske yake karɓa, ba ya fitar da hayaƙi. Wai ruwan da ya bi ta injin madatsa an tsotse masa albarka: farfela kawai ya juya ya wuce, kuma da shi ake noman shinkafa a fadamun ƙasar Nupe, ƙasa da Jebba. Cewa Najeriya na sayar wa Nijar wuta kuwa gaskiya ne. An katse ta a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar, aka mayar a 2024.

Wadda ke cin kuɗin mutane ita ce ta tsakiyar saƙon: wai an ƙera janareta da ba ya buƙatar mai, ko rana, ko iska, yana ba kansa wuta har abada, 'yan kasuwar mai ne ke ɓoye shi. Wani tela a unguwarmu ya kwashe adashinsa gaba ɗaya ya saya. Na je na gani. Akwatin ƙarfe ne an shafa masa shuɗin fenti, a ciki batir biyu, ƙaramar mota, altaneta irin ta cikin mota, da inbata. Daren farko fanka ta yi ta juyawa, yara na murna. Kafin asuba ta fara jan ƙafa, sannan ta tsaya cak. Lambar mai sayarwa tun ranar ba ta shiga.

Ban ga laifin telan ba. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, duk mai sana'ar da ta dogara da wuta yana neman mafita ido rufe. Amma ga yadda abin yake. Tun 1831 Michael Faraday ya nuna cewa idan maganaɗisu ya motsa kusa da naɗin wayar jan ƙarfe, lantarki zai gudana a cikinta. Kusan duk tashar wuta a duniya a kan haka take aiki, abin da ke juya injin ne kawai ya bambanta. A Kainji, wadda aka kammala a 1968, da Shiroro da Zungeru, nauyin ruwa ne. A Egbin ta Legas iskar gas ake ƙonawa a tafasa ruwa, tururin ya tura farfela, kuma daga gas mafi yawan wutar Najeriya take fitowa. A yankin Agadas kwal ake ƙonawa. Yuraniyom ɗin Arlit ma da aka daɗe ana kai wa Faransa, aikinsa a can tafasa ruwa ne. Sola ce ta fita daban, babu abin da ke juyawa a cikinta, hasken rana take mayarwa lantarki kai tsaye. Ruwa da rana da iska suna dawowa, gas da kwal in an ƙona sun tafi ke nan. Amma kowannensu wani ƙarfi ne da ke shigowa daga waje. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

To, me ke shigowa akwatin telan daga waje? Babu. Batir ke juya motar, motar ta juya altaneta, altaneta ta mayar wa batir caji. Kamar mai ɗiban ruwa daga randa ne da ƙwarya mai yoyo, yana mayarwa cikin randar, ga kuma yara na sha. Ɗora hannu a jikin motar bayan minti goma, za ka ji zafi. Wannan zafin wutar batir ce ke zurarewa. Abin da mai saye yake gani ranar gwaji cajin da aka ɗura wa batir ne tun a shago, shi ya sa ba sa yarda gwajin ya yi tsawo. A nan ba ni da ko ɗigon shakka: injin da zai ciyar da kansa ya kuma ciyar da gida bai taɓa aiki a hannun kowa ba.

Abin da ba zan rantse a kai ba shi ne niyyar kowane mai haɗa shi. Wasu macuta ne, wasu kuma matasa ne masu basira da suka kalli bidiyo suka gaskata, su ma sun yi asarar kuɗin kayan haɗi.

Gwaggo, in mai akwatin ya zo, ki ce ya jona masa firji da dutsen guga, ya bar shi a gidanki kwana uku babu wata waya da ta shiga jikinsa daga bango. Kada ki ba shi ko sisi sai rana ta huɗu.