Tsabar Kuɗi da Ƙananan Canji: Ina Za Mu Kai Su?

'Yan'uwa manoma, idan damina ta yi nisa rumbu ya yi ƙasa, kowane gida yakan juyo ga asusu. A fasa, a zazzage gwangwani, a ga abin da ya taru. To, a bakin iyaka irin Mai'adua abin da ke fitowa kashi uku ne: ƙananan takardun naira, silallan naira, da silallan sefa. Kowanne da hanyarsa, kuma wanda bai bambanta su ba yakan yi hasara.

A Amurka akwai na'ura domin wannan aiki, ana ajiye ta a manyan kantuna. Wadda aka fi sani ita ce ta kamfanin Coinstar. Mutum ya juye silallansa a faranti, na'urar ta kakkaɓe datti, ta auna faɗin kowane silai da irin ƙarfensa, ta lissafa, kana ta fito da 'yar takarda a kai wa mai kanti ya biya. Amma ba kyauta ba ne. Wanda yake son kuɗi a hannu ana cire masa fiye da kashi 10 cikin 100. Watau ko a can, talaka ne ke biyan ladan ƙirga kuɗinsa.

A nan ko an kawo ta ba ta da aikin yi, gama silallanmu sun mutu a kasuwa. Dattawa sun tuna anini da taro da sisi da sule. A 1973 aka bar fam aka koma naira da kwabo, sule ya zama kwabo 10, sisi kwabo 5. A 1991 aka mai da kwabo 50 da naira 1 silalla. A 2007 Babban Bankin Nijeriya ya sake fito da kwabo 50 da naira 1 da naira 2, ya janye ƙananan. Waɗannan uku doka ba ta soke su ba, tsada ce ta kashe su. Abin da ba zai sayi tsinken ashana ba, wa zai cika aljihu da shi? Idan kuna da su, banki kaɗai ne wurin gwadawa, kada dai a biya kuɗin mota dominsu.

Wannan mutuwa tana da illa da ba kowa ke lura ba. Idan ƙaramin kuɗi ya ɓace, farashi ba ya hawa da kaɗan-kaɗan, sai dai ya yi tsalle. Abin naira 70 ya koma 100 domin "babu canji", ko a miƙo alewa a madadinsa. Matar da ke barin naira 30 a kasuwa kowace rana, a shekara ta bar naira 10,950. Yanzu takardun naira 5 da 10 da 20 sun kama hanyar da silalla suka bi.

Sefa kuwa daban take. Silallanta suna aiki daga Ɗan Barto har Damagaram, domin an ɗaure ta da kuɗin Turai na yuro bisa farashi tsayayye, sefa 655.957 yuro ɗaya. A 2025 silai ɗaya na sefa 100 ya fi takardar naira 200 daraja. Saboda haka kada a bar wa yara su yi wasa da su. Sai dai a yi hankali da lissafi, gama 'yan'uwanmu na Nijar da dala suke ƙirgawa, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. Mai cewa "dala ashirin" sefa 100 yake nufi, "dala ɗari" sefa 500. Kafin a amsa ciniki a tambaya, dala ko sefa? 'Yan canji sun fi son takarda. Mu a ganinmu gara a tara silallan a ba amintaccen ɗan ƙungiya mai ƙetare Kwangwalam ya sayo wa ƙungiya kaya da su, da a karyar da su a kan farashin da mai canji ya ga dama.

Game da takardun naira, babban abokin gaban asusu ba ɓarawo ba ne. Gara tana ci, danshi yana ruɓarwa, tsada kuma tana ci ba a gani. A 2024 hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin 100, watau naira 10,000 da ta shekara a tukunya ta rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfinta. Ga kuma canjin kuɗi. An yi a 1984, aka sake a ƙarshen 2022 da takardun 200 da 500 da 1,000. A farkon 2023 mutane suka yini a layin banki, masu POS suka tsawwala lada, har Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin. A wannan lokaci mai 'yan hamsin-hamsin da ɗari-ɗari shi ne ya iya cefane, domin canjin bai taɓa su ba. Ashe ajiye ɗan canji a gida ba wauta ba ne, tara shi da yawa ne wauta.

Ƙungiya ita ce na'urarmu, ba ta kuwa cire ko kwabo. A ranar taro kowa ya kawo nasa. Mutum biyu su ƙirga a gaban jama'a, kamar yadda muke ƙirga baiko, magatakarda ya rubuta wa kowa a littafi nan take. A ware kowane iri, a ɗaure ɗari-ɗari. Yagaggu a haɗa su daban a kai banki, muddin lambarsu tana nan. Masu kyau kuwa a fara tuntuɓar masu shayi da masu ƙosai da direbobi kafin kasuwar Lahadi, gama canji suke nema, za su ba da manyan takardu ba tare da ragi ba. Abin da ya taru kada ya kwana wata a akwatin ma'aji. Ko a sa a asusun banki mai sa hannun mutum uku, ko a sayi gero da kaka, ko taki tun rani kafin ya hau.