Garkar da Ta Koma Bakin Taga

A Kutawa, da sauran ƙauyukan da ke tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi, ba a yi wa zogale wani shiri. Reshe ake sarowa a kafa a jikin danga, ruwan alwala da na wanke-wanke su riƙa gangara masa, kafin a ankara ya wuce katanga. Yakuwa da rama da lalo suna bayan ɗaki, a garkar da matan gida ke yi da damina. In rani ya yi, tumatir da albasa da latas su fito daga lambunan da ke shan ruwan madatsar Zobe, wadda aka kammala a 1983 a kan kogin Karaduwa. Ganye a wurinmu abu ne da ake aiken yaro ya tsinko, tukunya na kan murhu.

Ƙanwata ta bi mijinta Manchesta, inda yake aikin asibiti. Rannan muna hira ta bidiyo, Inna na kusa da ni, sai ta juya wayar ta nuna mana tagar kicin ɗinta. Robobi biyar ne a jere bayan famfo: lawashin albasa, na'ana'a, lansir, attarugu mai 'ya'ya uku, sai wani siririn tsiro da ya kwanta a jikin gilashi kamar mai leƙen waje.

"Inna, kin ga zogalena?"

Inna ta kawo fuska kusa da waya, ta daɗe tana dubawa. "Wannan? Ai ko akuya ta gan shi, 'yar nan, sai ta tausaya masa."

Muka yi dariya, amma ƙanwata da gaske take. Burinta yanzu a cire wannan taga a sa mata irin wadda ake yawan gani a gidajen Amurka, mai kama da akwatin gilashi. Takan turo waje daga jikin bango kimanin kamu guda, sama gilashi mai gangara, gaba gilashi, gefe biyu kuma ƙananan marufai da ake buɗewa iska ta ratsa. A ciki akwai kanta ɗaya ko biyu da ake jera tukwanen shuka. Galibi saman wurin wanke-wanke ake sa ta, don ruwa na kusa. Hikimarta ita ce haske yana shigowa ta fuska huɗu maimakon ɗaya, ɗumin girki kuma yana rufa wa tsiro asiri.

Sai dai mafi yawan mutanenmu da ke can haya suke yi, ɗan haya kuwa ko ƙusa zai buga sai ya duba takardar yarjejeniya. Wanda ya sayi ɗaki a dogon bene ma bangon waje ba nasa ba ne, sai da yardar mai ginin, wani lokaci har da ta ƙaramar hukuma. In an tsallake wannan, aikin ba na kowane kafinta ba ne. Akwatin yana da nauyi, ga ƙasa jiƙaƙƙiya a kansa, dole a tokare shi ta ƙasa, a kuma toshe mahaɗarsa da bango sosai, in ba haka ba ruwan sama ya sami hanya. Da sanyi gilashin yakan yi gumi, danshi ya taru, bango ya fara funfuna, kuɗin ɗumama gida ya ƙaru.

Babbar matsalar ma ba ta magini ba ce, ta rana ce. A Dutsin-Ma ko a tsakiyar hunturu wuni ya haura awa 11. A Landan da Manchesta, a ƙarshen Disamba wuni bai cika awa 8 ba, ita ma ranar a ƙasa-ƙasa take bi, in gajimare ya bar ta ta fito. Shi ya sa masu shuka a can suke fara tambayar ina tagar ta kalla. Ta kudu ake so. Mai kallon arewa sai dai na'ana'a ta yi maneji. Zogale kuwa doguwar saiwa gare shi, ba ya son ƙaramar roba, kuma dare ɗaya na ƙanƙara ya isa ya kashe shi. Yakuwa ta fi ban haushi. Takan yi ganye da bazararsu har a yi miya, amma ba ta fure sai wuni ya gajarta, lokacin kuwa sanyi ya riga ya shigo. Mai jiran zoɓo daga tagarsa zai sha jira.

Ga kuma batun iri. Mun saba a ƙulle shi a leda a cusa cikin jaka tare da kuka da daddawa. Amurka tana buƙatar matafiyi ya bayyana duk wani tsiro ko iri da ya shigo da shi, Ingila kuma tana neman takardar shaidar lafiyar tsiro ga irin shuka da aka kawo daga ƙasashe irin namu. Wanda bai sani ba yakan bar ƙullinsa a hannun kwastan. Abin dariyar shi ne lansir, da muke ɗauka namu ne mu kaɗai, yana nan a shagunansu. Yaran makaranta ma a kan jiƙaƙƙiyar auduga suke tsirar da shi, cikin mako biyu an yanka.

'Yan'uwanmu na Zangon Kumasi ko Nima a Akra ba su san wannan wahala ba, ƙasarsu na karɓar abin da tamu ke karɓa. Ciwon na waɗanda suka yi arewa da nisa ne. Su ɗin ma ba yunwa ce ke sa su ba: shagunan kayan Afirka a Peckham ta Landan ko Bronx ta New York suna da busasshiyar kuɓewa, da zoɓo, da garin zogale a kwalba. To, amma ba a kwaɗo da gari. Kuma yaron da aka haifa a can, in ba a tagar uwarsa ba, ina zai murza ganyen ɗoɗɗoya ya shinshina, har ya riƙe sunanta?

A ganina, wanda yake haya ya bar wa bango lafiyarsa. Katako ɗaya a bakin taga, tukwane masu huji a ƙasa, da ƙaramar fitilar shuka ta lantarki don watannin duhu, sun yi masa rabin aikin akwatin. Inda na fi jin tsoro shi ne gida. Masu aiko kuɗin gini sun fara haɗawa da hotuna, a yi musu kicin kamar na can. Akwatin gilashi a Dutsin-Ma cikin watan Afrilu, zafi na kai maki 40, tanda ce. Na'ana'ar da aka sa da hantsi ba za ta ga la'asar ba. Kakanninmu da suka bar taga ƙarama, suka kai murhu tsakar gida, sun san da wace rana suke zaune.

Zogalen ƙanwata ya zubar da ganye a Nuwamba. Ta yanke shi ya rage kamar taƙi ɗaya, ta rage masa ruwa, ta janye shi daga jikin gilashi. Da Mayu ya yi toho. Abin da ta tsinka bai cika tafin hannu ba, ta dafa, ta daka ƙuli-ƙulin da Inna ta aika mata, ta yanka albasar taga a kai. Su huɗu a gidan suka raba, kowa cokali biyu.