Tsadar Data da Hanyar Sauya Layi

Tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta yarje wa kamfanonin waya ƙarin farashi har zuwa kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, bisa hujjar tsadar man dizal da faɗuwar darajar naira, ɗaliban Kwalejin Hussaini Adamu ta Kazaure da 'yan kasuwar Babura, Roni da Gwiwa suka shiga lissafin inda maslaharsu take.

Wajibi ne mai saye ya fahimci cewa datar da ya riga ya biya tana nan bisa sharaɗinta har wa'adinta ya cika; amma idan ya bar sabuntawa ta kai tsaye a buɗe, da sabon farashi za a cire masa.

Wanda kuwa ya ƙudurta ƙaura zuwa wani kamfani, tun shekarar 2013 aka ba shi damar tafiya da lambarsa kyauta: ya je ofishin sabon kamfanin da lambar NIN, ya cike takarda, ya aika PORT zuwa 3232. Sai dai ya fara cinye ragowar kuɗinsa da datarsa, domin ba sa bin sa, ya kuma jarraba ƙarfin sabis a ƙauyensu, saboda araha ba ta da fa'ida inda sabis bai kai ba. Idan kamfani ya ƙi sauraron ƙorafi, a kira hukumar NCC a lamba 622.