Gargaɗi ga Mutanen Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni: A Daina Aika Shara ta Hanyar Ruwan Sama

Jama'ar Gyaɗi-Gyaɗi, Tarauni, Unguwa Uku, Darmanawa da Daurawa, don Allah a saurara. Damina ta kankama, kwatocinmu kuwa cike suke maƙil da ledar fiya wata, robobin lemo da kunzugun yara.

Kowa ya san abin da ke faruwa da zarar hadari ya haɗo. Sai ka ga an fito da kwandon shara a guje an juye a kwata, wai ruwa ya tafi da ita. Ina za ta je? Iyakarta kwalbatin farko. Nan za ta cushe, ruwa ya rasa hanya, ya dawo ta zaure ya shige ɗakuna, ya haɗe da masai, ya gangara rijiya. Ta nan amai da gudawa ke shigowa gida, kuma yana iya kayar da yaro cikin yini guda. Ruwan da ya kwanta kuwa, kwana 10 sun ishe shi ya ƙyanƙyashe sauro.

Iyayenmu mata, in kun ba almajiri ko yaron gida shara, ku faɗa masa inda zai kai, ku kuma tambaye shi in ya dawo. Kaya sun yi masa nauyi, bola ta yi nisa, ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya yi masa bayani. Kwanar farko zai sauke. Malaman allo da na Islamiyya, minti 5 kafin a tashi sun isa a koya wa yara wannan. Kada kuma a cinna wa leda wuta a lungu, hayaƙinta na tayar wa masu asma ciwo.

Asabar ɗin ƙarshen wata, daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe, lokacin tsaftar muhalli ne a Kano, ba na ramuwar barci ba. A fito da shebur a yashe kwata, a kwashe abin da aka yaso kafin ruwa ya mayar da shi.

Abin da ya fi damuna shi ne shirunmu. Ku ne kuka san lungun da motar shara ba ta iya shiga, da kwalbatin da ke toshewa duk watan Agusta. Ku zauna da mai unguwa da kansila a wannan makon, a tsayar da wurin tara shara da ranar kwashewa, a rubuta, a kai wa hukumar kwashe shara ta REMASAB da sakatariyar ƙaramar hukumar Tarauni, a riƙe kwafi. A gayyaci mata da 'yan bola jari zaman, su ke mu'amala da sharar nan kullum.

Wanda ya ga alamar amai da gudawa a gidansa, ya fara ba da ruwan gishiri da sukari, ya garzaya asibiti mafi kusa, ko da tsakar dare ne.