Shirin Musamman: Nukiliya da Wutar Maiduguri



A watan Janairun 2021 mayaƙa suka rusa turakun layin lantarki da ya taso daga Damaturu, Maiduguri ta faɗa duhu. Aka gyara a watan Maris, ba a yi mako guda ba suka sake tarwatsa shi. Masu walda da masu sayar da ƙanƙara suka koma janareta, kuɗin mai ya cinye ribar. A 2023 aka ƙaddamar da tashar iskar gas ta gaggawa da kamfanin NNPC ya gina, wadda aka tsara ta ba da megawat 50.

To, ina makamashin nukiliya ya shigo? Gas na fitar da hayaƙin da ke ɗumama duniya. Sola kuwa, ko da Borno ta wadata da rana, da magariba ta yi sai batir. Ita tashar nukiliya zafin fasa ƙwayar yuraniyam take amfani da shi ta tafasa ruwa, tururin ya juya injin, dare da rana, ba hayaƙi. Sai dai gininta na da tsada, shararta kuma na buƙatar tsaro na dogon zamani.

A Afirka, Koeberg ta Afirka ta Kudu ce kaɗai tashar nukiliyar da ke ba da wuta, tun 1984. Masar na gina tata a El Dabaa. Mu kuma a Najeriya muna da ƙaramin injin nukiliya na bincike mai kilowat 30 a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, tun 2004. An ware Geregu a Kogi da Itu a Akwa Ibom don gina tashoshin nukiliya, an kuma ƙulla yarjejeniya da Rosatom na Rasha a 2017, amma har yau ba a aza tubali ba.

Ga inda gizo ke saƙa. Wutar da ake rabawa a duk Najeriya ba ta cika wuce megawat 5,000 ba, alhali babban injin nukiliya ɗaya na ba da sama da 1,000. Ranar da ya tsaya kwatsam, layin ƙasa mai rauni zai iya durƙushewa gaba ɗaya. Kuma ko an gina tashar a Kogi, sai wayoyi sun tsira kafin wutar ta iso Borno.

Don haka aikin farko shi ne ƙarfafa layuka, tsare su, da samar wa Maiduguri hanyar samun wuta fiye da ɗaya. Bayan nan sai a yi zancen nukiliya.