Wasannin bidiyo sun yi tsada, kaset kuma na neman ɓacewa

A ranar 2 ga watan Afrilu na 2025 ne kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya gabatar wa duniya sabuwar na'urarsa ta wasa mai suna Switch 2. An ɗauki kusan awa guda ana nuna irin bajintar na'urar da wasannin da za su biyo ta, amma har aka rufe shirin ba wanda ya ambaci kuɗinta. Sai daga baya aka ga farashin a rubuce: dalar Amurka 450, a ƙasashen Turai kuwa yuro 470. Babban wasan da aka yi ta talla da shi, wato tseren motoci na Mario Kart World, aka sa masa dala 80 a Amurka, a Turai kuma yuro 90 idan mutum yana son kaset ɗinsa a hannu. (Masu karatu su lura, dalar da muke faɗi a nan ta Amurka ce, ba dalarmu ta kasuwa ba.)

Washegari, da ma'aikatan kamfanin suka fito kai tsaye ta intanet don su gwada wasannin, masu kallo ba su bar su sun sha ruwa ba. Dubban mutane suka dinga rubuta magana guda, suna maimaita ta ba ƙaƙƙautawa: a rage kuɗi, a rage kuɗi. Kuma abin ya zo daidai da ranar da shugaba Donald Trump ya yi shelar sabon harajin shigo da kaya Amurka, ciki har da kayan Biyetnam inda ake harhaɗa da yawa daga cikin na'urorin. Dole kamfanin ya ɗaga ranar fara karɓar kuɗin masu saye a Amurka daga 9 ga Afrilu zuwa 24 ga wata. To amma duk wannan hayaniya ba ta hana ciniki ba. Na'urar ta shiga kasuwa ranar 5 ga Yuni, cikin kwana huɗu aka sayar da fiye da miliyan uku da rabi, abin da Nintendo bai taɓa gani ba a tarihinsa. Masu kuka suna kuka, masu layi suna layi, kuma ba mamaki mutanen guda ne.

Sauran manyan kamfanonin ba su zauna ba. A watan Mayu na 2025 Microsoft ya ƙara kuɗin na'urorinsa na Xbox, ya ce wasu wasanninsa su ma za su kai dala 80. Da ya ga fushin jama'a, sai a watan Yuli ya janye, ya mai da wasan The Outer Worlds 2 dala 70. Amma a watan Oktoba ya zagayo ta wata ƙofa, ya ɗaga kuɗin wata-wata na babban tsarinsa na Game Pass daga dala 20 zuwa 30. Shi kuwa Sony, a watan Agusta ya ƙara dala 50 a kan PlayStation 5 a Amurka.

Bari mu mai da lissafin gida, tunda kuɗinmu na sefa a ɗaure yake da yuro, kowane yuro guda kusan sefa 656. Na'urar yuro 470 ta kama jikka 308 ke nan, kafin kuɗin jirgi da na duwan da ribar ɗan kasuwa. Kaset guda na yuro 90 kuwa jikka 59. Mafi ƙarancin albashin da aka tsaida a Nijar a 2024 jikka 42 ne. Wato ma'aikaci zai yi wata cur yana aiki bai haɗa kuɗin kaset ɗaya ba. Mai karatu yana iya cewa, to, ina ruwan biri da gada? Mu da ba mu taɓa sayen irin waɗannan kaya sabbi ba, me ya kai mu cikin rigimar masu hali?

Kafin mu zo nan, ya kamata a saurari hujjar kamfanonin, don ba ta rasa gaskiya ba. A farkon shekarun 1990 akwai kaset ɗin Super Nintendo da ake sayarwa dala 70 a Amurka, kuma dala 70 ta wancan lokaci ta fi dala 150 ta yanzu ƙarfi. Daga wajen 2005 har zuwa 2020 farashin manyan wasanni ya tsaya a dala 60 bai motsa ba, alhali kuwa kuɗin yin su ya yi ta hauhawa. Wasu takardu da suka fito a wata shari'a a Amurka a 2023 sun nuna Sony ya kashe wajen dala miliyan 220 a kan wasa guda, The Last of Us Part II. Shi kuwa Super Mario Bros. na 1985 ƴan mutane ƙalilan ne suka yi shi, kuma dukan wasan, da kiɗansa da dodanninsa, kilobayit 40 ne kacal. Hoto guda da ɗalibi zai ɗauka da salularsa ya ninka shi nauyi sau da yawa. Masu saye kuma suna cewa albashinsu bai bi sahun kuɗin haya da na abinci ba, sannan a da in ka biya sau ɗaya ka gama, yanzu kuwa bayan ka sayi wasa sai a bi ka da kuɗin wata, da na ƙarin matakai, da na tufafin ɗan wasa. Suna kuma nuni da cewa a Japan an fito da Switch 2 mai harshen Japananci kaɗai a kan yen 49,980, alhali mai harsuna da yawa yen 69,980 ce. Ashe ana iya duba aljihun mutane in an ga dama.

Yadda wasa ke iso mu

Mu da muka yi ƙuruciya a farkon shekarun 1990, Nintendo bai san da zamanmu ba, amma mun san Mario. Na'urar Famicom ta fito a Japan a 1983, ta shiga Amurka a 1985 da sunan NES. Abin da ya iso kasuwanninmu, ta Kano da Lome da Kwatano, kwaikwayonta ne da ake ƙerawa a Taiwan da Sin, tare da waɗannan kasakasai masu ruwan ɗorawa da aka rubuta wa wasa 9999 a cikin ɗaya. In ka kunna sai ka tarar wasa biyar ne ko shida aka yi ta maimaitawa, an canza launin sama ko an fara da wani mataki. Akwai Contra, da wasan tankokin yaƙi, da na harbin agwagi da bindigar roba. Ba a ƙasashenmu kaɗai aka yi haka ba: yaran Rasha ma da irin wannan kwaikwayo suka tashi, ana ce masa Dendy.

Hanya ta biyu ita ce gwanjo. Abin da yaron Faransa ya gaji da shi, bayan shekara huɗu ko biyar sai ya sauka a tashar jirgin ruwa cikin kwantena tare da tsofaffin firji da talabijin. Wannan hanya ta dogara ne da abubuwa biyu. Na farko, farashin na'ura yana sauka in ta kwana biyu. PlayStation 2 ta fito a shekarar 2000 a kan dala 299 a Amurka, zuwa 2009 ta koma dala 99, an kuma sayar da fiye da miliyan 160. Wannan yawa da wannan araha su suka cika gidajen wasa na unguwanninmu, inda yara ke biyan ƴan kuɗi kaɗan su buga ƙwallo na minti goma. Na biyu, wasan yana cikin abin da hannu ke riƙewa. Kaset ko faifai ana aronsa, ana musanya shi, ana sayar da shi, ya bi hannu goma yana aiki.

Dukansu biyu ne ke lalacewa yanzu. PlayStation 5 ta fito a 2020 a kan dala 500, bayan shekara biyar maimakon ta sauka sai ta koma 550. Wanda na'urarsa ke ƙara daraja ba ya saurin jefar da ita. Sannan kamfanonin suna ta raba na'ura da faifai. Xbox Series S ba ta da wurin sa faifai ko kaɗan. PlayStation 5 Pro, wadda ta fito a 2024 a kan dala 700, sai mutum ya sayi abin karanta faifan daban. Wasan da aka saya ta intanet a maƙale yake da sunan wanda ya saya, ba ya bin na'urar in an sayar da ita. Ke nan kwantena za ta kawo mana akwati fanko.

Nintendo kuma ya zo da wani sabon salo a Switch 2, wanda ya fi farashi ɓata wa tsofaffin ƴan wasa rai. Wasu kasakasan, musamman na kamfanonin da ba Nintendo ba, babu wasan a cikinsu, mabuɗi ne kawai. Ka saya a kanti cikin kwalinsa, ka zo gida ka sa, sai na'ura ta ce ka jona intanet ka sauko da wasan, wani lokaci gigabayit gommai. Gaskiya ne ana iya ara ko sayar da irin wannan kaset, amma duk wanda ya karɓa sai shi ma ya sauko da wasan daga farko. A Paris wannan aikin dare ɗaya ne. Mai gidan wasa a Maraɗi ko Garwa da ke sayen intanet da awo, ga ɗaukewar wuta, shi ya san abin da hakan ke nufi. Kuma ranar da kamfani ya rufe rumbunsa, mabuɗin ba shi da ƙofar da zai buɗe. An riga an ga misali: a watan Maris na 2023 Nintendo ya daina sayar da wasanni a shagunansa na intanet na 3DS da Wii U.

Begen da

Duk sanda aka yi shelar sabon farashi, sai ka ji manya masu furfura a gemu suna cewa a mai da su zamanin kaset. Kamfanonin sun ji, sun kuma gane akwai kuɗi a ciki. A 2016 Nintendo ya fito da ƴar ƙaramar NES mai wasa 30 a ciki a kan dala 60, aka yi ta wawaso har ta gagara samuwa. Yanzu kuma tsofaffin wasannin haya ake ba da su, mutum ya biya kuɗin shekara ya taɓa ƙuruciyarsa, ran da ya daina biya a rufe. Wasannin GameCube na 2001 ma an ce sai wanda ya sayi Switch 2 zai same su ta wannan hanya. Masu tara kayan tarihi kuwa sun kai abin wani wuri: a 2021 an sayi kaset guda na Super Mario Bros. da ba a taɓa buɗe ledarsa ba a kan dala miliyan 2.

A ganinmu akwai mantuwa cikin wannan bege. Da ɗin ba ta da araha. Wanda ya ga watan Janairu na 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi aka wayi gari kayan waje sun ninka kuɗi, ba zai ce zamanin sauƙi ne ba. A unguwa guda da wuya ka sami gida biyu masu na'ura. Wasannin kuma gajeru ne, shi ya sa aka tsananta wahalarsu don kada a gama su a yini ɗaya. Hura iska da muka riƙa yi cikin kaset in ya ƙi tashi, ita ma ba magani ba ce, danshin baki tsatsa yake jawowa. Cirewa da mayarwar ne ke gyara zaman kaset ɗin. Iyayenmu da malamanmu kuwa faɗan da muke yi wa yara a kan salula yau shi suka yi mana a kan talabijin.

Amma akwai abin da begen ya faɗa daidai. Rashin yawan na'urar shi ya sa wasan ya zama na taro. Yara goma a tabarma guda, manet biyu, wanda aka ci ya miƙa wa na gaba, ƙarami ya jira babba, mai gida ya san in ya cika son kai gobe ba mai zuwa. A matsayinmu na malamai muna ganin bambancin a farfajiyar lakwal. Ɗalibanmu na yau sun fi mu samun wasa nesa ba kusa ba, don Free Fire da eFootball kyauta ake sauko da su a salula. Sai dai kowa kansa a sunkuye, kuma kyautar tana da ƙugiya: kuɗin karin kumallo ne ke tafiya wajen sayen intanet da lu'ulu'un cikin wasa, kaɗan-kaɗan, ba tare da uba ya ga kwali ya shigo gida ba balle ya tambayi kuɗinsa. Mu a da in an saya an saya, uba ya yi faɗansa sau ɗaya.

Ko bindigar harbin agwagin nan, wanda ya adana tasa ya sani ba ta aiki da talabijin na zamani mai faɗi, sai tsohuwa mai ƙusumbi. Amma dai tana nan, kuma mai gyaran rediyo a bakin kasuwa yana iya farfaɗo da na'urar 1990 da ƙarfen dalma, kamar yadda yake canza idon PlayStation 2. Wasan da ke zaune a rumbun kamfani kuwa ba mai gyaran da zai kai gare shi. Wata gidauniyar adana tarihin wasannin bidiyo a Amurka ta yi bincike a 2023, ta gano kashi 87 cikin ɗari na wasannin da suka fito a can kafin 2010 ba a samunsu a kasuwa. A ƙarshen watan Maris na 2024 kamfanin Ubisoft na Faransa ya kashe wasan tseren The Crew baki ɗaya, har waɗanda suka saye shi a faifai suka kasa kunna shi. Daga nan ne wani Ba'amurke mai suna Ross Scott ya fara gangamin neman a hana kamfanoni kashe wasan da mutane suka biya, kuma a watan Yuli na 2025 takardar koken da aka kai gaban Tarayyar Turai ta wuce sa hannu miliyan ɗaya. Ƙungiyar kamfanonin wasa ta Turai ta amsa cewa bin wannan buƙata zai sa yin wasanni ya yi tsada ƙwarai. Ƴan ƙasashen Tarayyar kaɗai aka ba ikon sa hannu a takardar, amma faifan The Crew da suka daina aiki a can, irinsu ne ke sauka a Kwatano cikin kwalayensu masu kyau, ana sayar wa mai gidan wasan da bai ji labari ba.